Na Sa Ɗan Ƙanena a Addu'a, Ya Daina Zuwa

Malama, ki taimake ni don Allah. Yau Alhamis, ƙafafuna sun kumbura, tari kuma bai sake ni ba. Ni tsoho ne, Kirista, a wani ƙauye kusa da Dangora. Matata ta rasu, ba mu haihu ba. Mai leƙo ni guda ne, Bature ɗan ƙanena, wanda yake zuwa a babur duk Alhamis da kifi da magani.

Kwanan baya ya gaya mini, mu biyu, cewa ya faɗi a gonar rani, likita ya ce farfaɗiya ce. Hankalina ya tashi. Ran Lahadi a majami'a, da aka ce mai buƙatar addu'a ya miƙe, na miƙe na faɗi sunansa da ciwonsa. Allah ya sani alheri na nufa. Amma ba zan ɓoye miki ba, a can kaɗai ake saurarona, in na miƙe ba na son zama. Maganar ta kai Yako, gidan su Rahila da yake nema, iyayenta suka dakatar da komai.

Tun a makarantar mishan na san gargaɗin Littafi Mai Tsarki a kan harshe, har na koyar da shi. Ashe addu'a ma tana zama tsegumi? Na ƙudura in roƙi Bature gafara gaban jama'a, sannan in daina magana har mutuwa. Tun safe nake zaune a ƙofa. Rana ta faɗi, bai zo ba.

Wani tsoho, Kiru

Baba, sannu da jiki. Na canza sunayen da ka rubuto, domin a nan ma ka faɗe su.

Ƙauna ce ta tayar da kai, amma asirin na Bature ne. Allah ya san sunansa, da ka ce a yi wa wani naka addu'a, da ya isa. Shi ma dole ya sanar da Rahila kafin aure, sai dai daga bakinsa ya kamata ta ji.

Kada ka nemi gafara a majami'a, sake tona masa asiri ne. Kada kuma ka daina magana. Littafin da ka koyar ya nuna akwai lokacin shiru, akwai lokacin magana, yanzu kuwa na magana ne, kaɗan. Nemi mai babur ya kai ka gidan Bature gobe. Ka amsa laifi ba tare da bayanin niyyarka ba, ka bar shi ya yi fushinsa. Iyayen Rahila kuwa, kada ka je sai ya aike ka. Farfaɗiya ba a ɗaukarta, kuma magani yana kwantar da ita.

Ka nuna wa likita ƙafafun nan. Allah ya ba ku lafiya, ya sanyaya zuciyarsa.