Kurciya Tana Ja Hagu

Litinin, 3 ga Maris

Sun ɗauke mini mota. Na fito da safe da makulli a hannu, na tarar da wurinta fayau, sai ɗigon baƙin mai a ƙasa. Uwar yara tana shara, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce Injiniya ne ya zo da abokansa suka tafi da ita, wai za su sabunta ta, kyauta yake so ya yi mini. Ita ta ba shi ɗaya makullin da take ajiyewa a gwangwanin zarenta. Injiniya dai babban ɗana ne, ni na yi masa wahala har ya zama abin da ya zama.

Kyauta. A ɗauki abinka ba sallama a ce kyauta.

Shekara talatin da ɗaya ina tuƙa Kurciya daga gida zuwa shago, daga shago zuwa gida. Kafin ita na yi shekara ashirin ina jan babbar mota. Ban yi boko ba, rubutun nan ma da furfurata na koye shi a ajin manya, amma ba a haifi wanda zai koya mini mota ba.

Laraba, 5 ga Maris

Motar haya. An matse ni tsakanin wata mai buhun gawayi da wani ƙato mai waya a kunne. Direban yana canja giya kamar yana da tsohuwar gaba da ita. Na yi masa magana, ya ce, Baba in ka iya zo ka karɓa. Mutane suka yi dariya. Na isa shago a makare, mai neman ƙusa ya riga ya tafi wurin maƙwabcina.

Asabar, 8 ga Maris

Na je gidan Injiniya in ga abin da suke yi wa Kurciya. Da ma ban je ba.

Sun cire ƙofofi, sun fitar da kujeru, sun kankare fenti. Tana tsaye a kan duwatsu kamar akuyar da aka feɗe. Su huɗu ne a kanta, duk magidanta masu aikin ofis, wai nishaɗinsu ke nan. Kowace Lahadi suna taruwa a wani fili, kowa ya buɗe bonet, a leƙa injin juna, a ɗauki hoto, a watse. Ba inda za su. Shi kansa Injiniya motarsa uku: ɗaya ta zuwa aiki, ɗaya ta zuwa filin nan, ɗaya kuma shekara huɗu tana ƙarƙashin tamfol ba inji, yana cewa aiki ne mai zuwa. Kaji har sun yi ƙwai a cikinta, matarsa ce ta gaya mini.

Wani mai gemu a cikinsu ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, Baba ka san abin da kake da shi kuwa, irin wannan saura ƙalilan. Na ce na san abin da nake da shi kafin ku same ta.

Na ja Injiniya gefe na ce masa, duk abin da za ku taɓa ku taɓa, ban da ƙafafunta. Tun shekarar da aka haifi Auta ta faɗa wani rami, daga ranar take ja hagu. Ni kuma hannuna ya saba, kullum ina ɗan danne sitiyari dama, muna tafiya sak. Ya yi irin murmushin nan nasa ya ce, ai Baba shi ne farkon abin da za mu gyara, haɗari ne. Na ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya ce to Baba. Na san wannan to ɗin, tun yana ɗan shekara tara nake jin ta.

Lahadi, 16 ga Maris

Mako biyu. Ƙafafuna sun kumbura, ba wanda ya tambaya.

Alhamis, 27 ga Maris

Auta ta zo, ita da ke aikin jinya take ganin kowa majinyaci ne. Ina zuba ruwan zafi a kofi, ɗan kaɗan ya zuba a tebur, shi ke nan ta samu abin faɗa. Baba yaushe rabon da a duba maka ido. Na ce tun ranar da na hango uwarki daga nesa na yi kuskure. Uwar yara ta ce, ka ji shi, tsohon banza. Auta ba ta yi dariya ba. Ta ce za ta karɓo mini kati a asibitinsu. Ta karɓo wa kanta.

Kofin ne ƙarami, ba irin wanda na saba da shi ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

Sun dawo da ita. Da rakiya, mota biyar a bayanta, ana ta danna oda, maƙwabta suka fito kamar an kawo wani shugaba.

Gaskiya ɗaya ce, ta yi kyau. Sun mayar mata da launin tokarta na asali, har na tuna ranar da na fara ganinta. Amma matashin da nake sawa a bayana sun yar. Igiyar da nake ɗaure murfin but ɗin baya da ita sun yar. Ƙofar direba da sai ka ɗaga ta da gwiwa take rufuwa, yanzu da ɗan yatsa ake turawa, ɓarawo ma ba zai sha wahala ba. Injin ba ya tari da safe. Ciki yana warin sabon takalmi.

Injiniya ya miƙo mini makulli da hannu biyu, idonsa har ya kawo ruwa. Abokansa suna jira in ce wani abu. Na ce, kun taɓa ƙafafun? Ya ce an saita su da na'ura, yanzu ko ka saki sitiyari ba za ta kauce ba. Na ce Allah ya yi albarka, don mutane na kallo.

Uwar yara ta ce na kunyata yaro, wata guda bai huta ba saboda ni. Wa ya aike shi?

Litinin, 7 ga Afrilu

Abin da na faɗa ya faru, kuma ni ake zargi.

Na tayar da ita, na sa giya, na nufi ƙofar gida kamar kullum. Hannuna ya yi abin da ya saba, ya danne dama. Da can ita za ta ja hagu, mu haɗu a tsakiya. Yau ba ta ja ba. Ta bi hannuna kamar baiwa, muka rungumi ginshiƙin ƙofa. Fitilar dama ta fashe, bamba ta lanƙwashe, sabon fentin ya tsage har ƙofa. Goshina ya bugi madubi, ba wani abu ba ne, jini kaɗan.

Shekara talatin da ɗaya ina wuce ginshiƙin nan ko gogarsa ban taɓa yi ba. Kwana biyu da gyaransu. Wannan ko jariri ya san lissafin.

Talata, 8 ga Afrilu

Sun yi mini taro a ɗakina, a kan tabarmata. Injiniya, Auta, da uwarsu a bakin ƙofa tana taya su da kai. Injiniya ya ce ba motar yake ji ba, ni yake ji. Auta ta ce ginshiƙi yau, gobe ɗan mutane. Na yi musu bayanin hannu da sitiyari har sau uku, suna kallona kamar mai sambatu. Na ce ku kuka ɓata ta, kun mayar da ita motar kowa. Injiniya ya ce, Baba mota ba ta da hali, ƙarfe ce. Wanda ke kwana yana shafa ƙarfe da tsumma shi ke gaya mini haka.

Ya ɗauki makullina daga kan rediyo ya sa a aljihu. A gabana. Ya ce sai an duba idon, in likita ya ce lafiya zai dawo da shi da kansa, kuma shi zai riƙa kai ni shago kafin nan. Na ce gara in tafi da rarrafe.

Ni na koya masa tuƙi. A cinyata ya fara riƙe sitiyarin nan.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Kurciya tana tsakar gida da ido ɗaya, ina ɗaki. Ba na yi wa kowa magana. Uwar yara ta ajiye abinci ta ce in na gama fushin in rufe kwanon saboda ƙuda.

Litinin, 14 ga Afrilu

Sun manta da gwangwanin zare. Uwar yara ta mayar da ɗaya makullin cikinsa tun ranar da suka kawo motar, ni kuwa ina kallo. Ta tafi gidan ƙanwarta da hantsi, na buɗe, ga shi a ƙarƙashin maɓallai.

Na fita da Kurciya a hankali, ina yi wa hannuna faɗa har garejin Dogo. Dogo bakanike ne, sa'ana, shi ke taɓa Kurciya tun tana da ƙuruciya. Ya zagaya ta yana fito da baki. Ya ce wa ya yi wa tsohuwa kwalliya. Na ce ba wannan ya kawo ni ba, so nake ka mayar mata da jan hagunta.

Ya zauna a kan taya ya yi dariya har yana tari. Ya ce shekara arba'in ana kawo masa mota ya gyara, yau ce rana ta farko da aka kawo masa ya ɓata. Ya ce, ɗanka ya sani? Na ce ɗana ne ya saye ta ko ni? Ya shiga ƙarƙashi da sifana, ya sassauta nan ya ɗaure can, mu fita mu gwada, mu dawo. Sau uku. A na uku na ji ta a tafin hannuna, ta dawo. Na kusa yin abin kunya a gaban Dogo.

Da zan tafi ya ce, amma fa ɗazu ina miƙo maka hannu ta hagu ba ka karɓa ba. Na ce hannunka duk mai ne.

Laraba, 16 ga Afrilu

Kwana biyu ina zuwa shago da kaina. Ƙofar gida na wuce ta kamar zare a allura. Uwar yara ta kira Injiniya a waya, na ji tana cewa, ka zo ka ga ubanka. To ya zo ya gani mana, wa ya hana shi. Ya ce ya yi tafiya, sai ƙarshen mako. Ina jiransa, zan sa shi ya tsaya a bakin ginshiƙin nan in shiga in fita sau goma.

Alhamis, 17 ga Afrilu

A mararrabar da ke gaban makarantar 'yan mata. Na duba, hanya ba kowa. Na duba, na rantse na duba. Na saki birki, sai na ji an daki bonet da hannu. Wata mata ce, ta hagu ta fito, da goyo a bayanta da wata ƙarama a hannu. Bambar tana taɓa zanenta. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta dube ni kawai ta ce, Baba ba ka gan mu ba ne? Ƙaramar takalminta ɗaya ya shige ƙarƙashin mota, sai da wani mai keke ya zaro mata.

Sitiyarin lafiyarsa ƙalau. Yadda nake so yake.

Ban buɗe shago ba. Na zauna a cikin mota a bakin hanya har rana ta take.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Na rufe ƙofar ɗaki. Na sa tafin hannu na rufe idon hagu, ga agogon bango, ga lambobinsa. Na rufe na dama. Bango ne kawai da hayaƙi, da wani abu baƙi-baƙi a tsakiya.

Tun yaushe, ban sani ba. Ba wanda zan gaya wa, su ji daɗi.

Maganar ginshiƙi dai ina nan a kan bakana, laifinsu ne.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na aika wa Dogo ya zo gida ya mayar da ƙafafun yadda yaran suka saita. Ya zo da kayan aikinsa yana gunaguni, gyara, ɓata, gyara, kai da motarka duk ku ga likita. Bai tambaye ni dalili ba. Da ya gama ya wanke hannu ya zagayo ta damana ya miƙo mini.

Litinin, 21 ga Afrilu

Injiniya ya zo da sassafe da shirin faɗa, na gani a fuskarsa. Kafin ya buɗe baki na jefa masa makullin gwangwani na ce gwiwata ke ciwo, ya kai ni shago. A Kurciya, ba a waccan motar tasa mai sanyi kamar kwalba ba. Ya tsaya yana kallona, uwarsa ta yi masa alama da ido, ya shiga.

Tuƙinsa ba laifi. Yana saurin barin giya ta biyu, na gaya masa. Yana taka birki kamar mai tsoron ƙasa, na gaya masa. Ya ce to Baba. A mararrabar makaranta na ce ya tsaya sosai, ya duba hagu sau biyu. Ya ce ai ba kowa. Na ce ka duba dai.

Daga kujerar nan ana ganin abubuwa. Ashe sun rushe gidan man da ke kan kwana, har an yi bene a wurin.

Ya ce ranar Lahadi abokansa suna so a kawo ta fili, ko da fitila ɗaya, kuma suna so in zo in gaya musu tarihinta. Na ce zan duba, ina da ayyuka. Katin Auta na ranar Alhamis ne, ƙarfe tara. Zan je ne don ta daina damuna.

Da yamma ya dawo da ni, ya ajiye motar daidai wurinta, ya tafi. Makullin yana aljihunsa. Ina ganinsa har ya kai ƙofa ban karɓa ba. Mantuwa ce.