Magana ɗaya na yi, aka rufe shagon mai walda

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, hankalina ya ƙi kwanciya. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na aurar da 'ya'ya biyu sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Ɗana na fari ya ci zaɓen kansila bara. Ni ban san siyasa ba, addu'a kawai nake bin sa da ita. To akwai wani mai walda a jikin katangarmu, ƙarar injinsa takan hana ni barcin rana. Rannan ɗana ya zo gaishe ni ina ninke kaya, na ce kaina na ciwo saboda ƙarar nan. Wallahi hira ce kawai. Kafin mako ya zagayo aka zo aka garƙame shagon, wai ba shi da izini. Mutumin nan shi ya gyara mana ƙofa kyauta da mahaifin 'ya'yana ya rasu. Yanzu ta taga nake hango shi zaune a benci, ya zuba tagumi. Matarsa da muke wasa da dariya, har ƙasa take durƙusawa ta gaishe ni. Ko a aji malamarmu ta daina gyara mini kuskure, komai na karanta sai ta ce madalla. Tsoron buɗe baki nake yi. In na ce ya buɗe shagon, ban sake tsoma baki a mulkinsa ba ke nan? In na yi shiru, yaran mutumin me za su ci?

Daga uwa mai fargaba.

Mama, sannu da ƙoƙari, rubutunki ya fita sarai.

Iko ba kujera ce kaɗai ba. Akwai na ƙuri'a, wanda jama'a suka ara wa ɗanki. Akwai na tsoro, shi kika gani a durƙuson maƙwabciyarki. Naki kuwa na uwa ne, ba a zaɓensa, ba a tsige shi, shi ya sa ko shirunki yanzu hukunci ne.

Kada ki ɗauki ɗanki azzalumi, ƙaunarki ce ta ja shi. Amma ya biya buƙatar gida da amanar jama'a, wannan kuskure ne. Ki kira shi ɗaki, ba a gaban magoya bayansa ba, ki gaya masa ƙorafinki na uwa ne, ba na ofis ba. In da gaske izini ne matsalar, a nuna wa mutumin hanyar samunsa kamar kowa. Sannan ki taka da ƙafarki gidan mai walda ki ba su haƙuri, ku daidaita lokacin barcinki kamar maƙwabta.

Malama kuma ki roƙe ta ta dawo da jan bironta. Ranar da ta sake ce miki kin yi kuskure, unguwa ta daina tsoronki. Allah ya shirya miki zuri'a, ya sa ki sake jin ƙarar injin nan.