Gurbi Goma Sha Bakwai a Kundin Malam Dalhatu

Daga:
Khadijatu Dalhatu,
Mai rubuta sunaye a ƙofar Musayar Kati,
Kusa da Birnin Masana'antu na Biyu, Riyadh.

Lahadi, 19 ga Oktoba, 2025.

Zuwa ga:
Alhaji Maulud Sha'aban,
Shugaban Ƙungiyar Zumuntar Direbobi da Ma'aikatan Sito,
Riyadh.

Ranka ya daɗe,

Game da: Watsewar Musayar Kati tun da aka damƙa ta hannun Ustaz Shakir, da roƙon a mayar da ita Juma'a kafin 8 ga Nuwamba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uba, da fatan kana lafiya kai da iyali.

Ni ce Khadijatu, 'yar Malam Dalhatu mai tuƙa motar ɗaga kaya a sito. Shekaruna ashirin da uku. Ba ni da shahadar kowace makaranta. Bokona a bayan katunan 'yan ƙwallo na koye shi, da takardun sito da Baba ke dawowa da su a aljihu. Na faɗi wannan tun da wuri ne saboda Ustaz Shakir ya riga ya rubuta shi a shafi na uku na rahotonsa, kuma ban so ya zama daga bakinsa kaɗai ka ji.

Kamar yadda ka sani, tun shekarar 2017 mutanenmu ke haɗuwa ranar Juma'ar farko ta kowane wata, bayan la'asar, a wata istiraha, wato gidan hutu na haya, da ke bayan sito-sito. Kowa ya zo da katunan 'yan ƙwallon da ya tara daga fakitin da ake saye a baƙala, kantin unguwa, a baza a kan tabarma, a yi musaya, kati da kati. Wanda ya samu wanda ba shi da shi sai ya sa a gurbinsa a kundi. Akwai kuma al'adar da muke kira cikon mai tafiya: duk wanda zai koma gida gaba ɗaya, a zamansa na ƙarshe sai ya buɗe kundinsa a tsakiya, kowa ya duba nasa ya ba shi abin da ya rage masa, ba tare da ya karɓi komai ba. Ba a barin mutum ya hau jirgi da kundi mai rami. Ni ke zama a ƙofa ina rubuta sunan duk wanda ya shigo, shekara shida ke nan.

Ranar 4 ga Afrilu na rubuta suna ɗari da goma sha biyu. A makon ne ƙungiya ta naɗa Ustaz Shakir ya "inganta" zaman. Ranar 7 ga Oktoba na rubuta suna shida. Ina gabatar da ƙorafina kamar haka, cikin ladabi.

1. Ranar da ya zaɓa da wurin da ya zaɓa. Ustaz ya ɗauke zaman daga Juma'a ya kai shi Talata, ƙarfe goma na safe, ya ɗauke shi daga istiraha ya kai shi zauren wani otal a hanyar filin jirgi. Hujjarsa ita ce manyan baje koli na duniya ba a yin su a kan tabarma. Ban taɓa zuwa baje kolin duniya ba, don haka ba zan yi musu ba. Abin da na sani shi ne, ƙarfe goma na safiyar Talata, duk wanda ke da kati a garin nan yana ƙarƙashin kwali, ko a bayan sitiyari, ko a saman gini a Dir'iyya. Juma'a kaɗai kafili, ubangidan aiki, ke sakin mutum. Daga wajenmu zuwa otal ɗin awa ɗaya ce da wani abu idan hanya ta yi kirki, kuma bas ɗin kamfani ba ya bi ta can. Ranar 6 ga Mayu mutum talatin da ɗaya suka je. Wasunsu ƙaryar ciwon ciki suka yi wa mudir, manajan wurin aiki. Ba a yin ciwon ciki duk wata.

2. Sunan. Musayar Kati yanzu sunanta Northern Elite Card Expo. Shi kuma Ustaz ya zama Darakta-Janar, ya buga a allo mai tsayin mutum, da hotonsa ya dafe haɓa. Ni an mayar da ni Jami'ar Karɓar Baƙi. Baƙin ne dai babu.

3. Jarrabawar kati, wadda ita ce ta ƙarasa kashe zaman. Ustaz ya kafa doka cewa ba kati da zai hau tebur sai ya wuce ta hannunsa. Yana da rula, da madubi irin na masu gyaran agogo, da fitila ƙarama. Yana auna kusurwa huɗu, ya ba kati maki daga ɗaya zuwa goma. Wanda bai kai bakwai ba, ba a musaya da shi.

Ranka ya daɗe, kai ma ka yi tuƙi kafin Allah ya ɗaga ka, ka san inda mutanenmu ke ajiye kati. A cikin robar iƙama, takardar izinin zama, suke sa shi, a bayanta, saboda ita ce abu ɗaya da ba ya rabuwa da jikin mutum a ƙasar nan. Ɗakin da ake kwana mutum takwas ba shi da durowa. Iƙama kuma a aljihun baya take, mai ita yana zaune a kanta awa goma sha biyu cikin zafin Riyadh. Saboda haka duk katin da ke hannun ma'aikaci a lanƙwashe yake, daidai da sifar mai shi. Shekara takwas ba wanda ya taɓa kallon wannan a matsayin aibi. Ustaz ya gano shi cikin minti biyar, da madubi.

Ya kuma ce ba a taɓa kati sai da farar safar hannu. Safa huɗu ya saya. Na ga Idrisu mai ɗaukar siminti ya yi layi minti ashirin yana jiran safa don ya taɓa katin da shi ya kawo. Da ta zo, ba ta shiga hannunsa ba. Bai sake dawowa ba.

4. Jawabin buɗe taro. Minti arba'in, da Larabcin littafi, sannan a maimaita da Turanci. Taken na watan Yuli shi ne falsafar adana tarihi a takarda. Mutum goma sha huɗu ne a zauren, goma sha uku Hausawa, ɗaya mai kawo shayi. Ni a nan aka haife ni, Larabci ya fi Hausa zama a bakina, amma ban gane abin da ake nufi ba. Mai shayin ma na tambaye shi, ya ce shi ma haka.

5. Rahoton da ya kawo maka ranar 12 ga Oktoba. A ciki ya ce mutane sun ragu ne saboda dalili uku: wayar hannu, ƙarancin wayewar ma'aikata, da kuma rashin ƙwarewar mai rubuta sunaye. Na farko, ranar 4 ga Afrilu ma kowa da wayarsa ya zo. Na biyu na bar maka, tunda 'yan ƙungiyarka yake nufi. Na uku nawa ne, kuma ga amsata: ɗari da goma sha biyu, talatin da ɗaya, goma sha tara, goma sha huɗu, goma sha ɗaya, tara, shida. Idan ya sami mai digiri da zai ƙirga su su ƙaru, a kawo shi, zan ba shi kujerata.

Rahoton ya ce mutum arba'in ne suka halarci zaman Oktoba. Ga shidan da suka zo: Ustaz da kansa; ƙanin matarsa mai ɗaukar hoto; ni; mahaifina; Laouali, mutumin Maraɗi mai tankar ruwa, wanda ya kawo mahaifina; sai wani bawan Allah da ya shigo neman wurin sa waya caji. Na rubuta sunansa saboda ya fi kowa daɗewa a zaune.

6. Abin da aka yi wa mahaifina, wanda shi ne ainihin dalilin wannan takarda.

Malam Dalhatu ya cika shekara sittin. Kafilinsa ba zai sabunta masa iƙama ba. An buga masa bizar fita ta ƙarshe, jirginsa ranar Asabar, 8 ga Nuwamba, bayan shekara ashirin da shida a garin nan. Yana cikin mutum uku da suka fara shimfiɗa tabarmar nan. A lissafina, mutum arba'in da ɗaya ya sa hannu aka cika wa kundi suka tafi. Dalilin da ya sa nasa bai cika ba ke nan har yau: duk katin da ya yi wuya, idan mai tafiya ya rasa shi, daga kundin Baba ake cirewa. Yanzu saura masa gurbi goma sha bakwai.

Da ya ji labarin jarrabawa, sai ya fitar da katunan musayarsa daga robar iƙama, ya jera su a tsakanin kwali biyu, ya ɗora buhun shinkafa a kai. Mako uku muna ɗibar shinkafa a hankali don kada nauyin ya ragu. Ranar 7 ga Oktoba ya roƙi mudir hutun yini ɗaya, abin da ban taɓa ganin ya yi ba sai ranar da mahaifiyata ta rasu. Ya sa farar riga. Laouali ya ajiye tanka ya aro mota.

Ustaz ya sa safa, ya kunna fitila, ya duba kati uku daga cikin sittin. Ya ce, a gabana: "Ya akhi, waɗannan ko mataki na biyu ba su kai ba. Ba zan bari su hau teburin Expo ba." Teburin a lokacin babu komai a kansa sai furen roba. Laouali ya tambaye shi ko su ma za a sa su ƙarƙashin madubin, tunda su ma aiki ya lanƙwasa su. Ustaz ya ce wannan ba tambayar ilimi ba ce. Baba ya ce, "To, Allah ya ƙara sani." Ya tattara katunansa ya mayar bayan iƙama. Kafin mu fita, ƙanin matar Ustaz ya ce mu tsaya a jikin allo a ɗauke mu hoto. Hoton ne a bangon rahoton da ke kan teburinka. Ka duba fuskar mai farar riga.

7. A shafi na biyar, Ustaz ya ba da shawarar a soke cikon mai tafiya baki ɗaya, wai ba da kati kyauta yana karya darajarsa. Ban san wace daraja ba. Ustaz bai taɓa buɗe fakiti ba. Kati huɗu yake da su, cikin gilashi, da ya yi oda daga waje, kuma ranar 2 ga Satumba na ji Laouali ya tambaye shi wace ƙungiya ɗan ƙwallon da ke jikin ɗaya daga cikinsu yake buga wa, ya ce zai bincika ya dawo da amsa a rubuce. Muna jira.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙon ƙungiya da abubuwa kamar haka.

Na farko, a mayar da zaman Nuwamba ranar Juma'a, 7 ga wata, bayan la'asar, a tsohuwar istiraha. Na yi magana da mai kula da ita, ya ce ranar a buɗe take, amma ba zai riƙe mana ba sai da kira daga bakinka kafin Alhamis, 30 ga Oktoba. Ba ya karɓar magana daga wurina, ba ya kuma karɓa daga wurin Ustaz, kowanne da dalilinsa.

Na biyu, a sanar a rukunin ƙungiya na waya, da Hausa, da muryarka, cewa an ɗage jarrabawa kuma kowa ya zo da katinsa yadda yake. Idan ba kai ka faɗa ba, ba za su zo ba. An kunyata su sau ɗaya, kuma manya ne.

Na uku, a yi wa Malam Dalhatu cikonsa a ranar, kamar yadda aka yi wa kowa.

Na huɗu, a cire shafi na uku da na biyar daga rahoton. Shi Ustaz ban nemi a tsige shi ba. A bar masa muƙaminsa, da allonsa, da Talatarsa. Ya ci gaba da Expo, ba wanda zai dame shi a can, na tabbatar da wannan da idona.

Baba bai san na rubuta wannan ba, kuma idan ya sani zai ce na yi rashin kunya ga manya. Shi ba zai roƙa ba. Jiya muna ɗaure kaya, ya ɗauki kundin ya juya shi, ya ajiye a gefen kayana maimakon nasa. Ya ce in riƙe, tunda ni ina nan, wataƙila wata rana ya cika. Ya ce idan ya kai shi Gusau haka, duk wanda ya buɗe zai tambaye shi ina mutanen da ya ce yana da su a Riyadh.

Ban karɓa ba. Na mayar da shi cikin akwatinsa, ya sake fitarwa, na sake mayarwa. Yanzu yana kan firij, ba nawa ba, ba nasa ba. Kwana ashirin suka rage, Juma'ar farkon wata ɗaya ce tak a ciki. Kira ɗaya ne daga wayarka zai nuna cikin akwatin wa zai shiga.

Ina neman afuwa idan harshena ya yi kaifi a wani wuri. Na karanta takardar sau uku don in rage, ban sami inda zan rage ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci.

'Yarka mai biyayya,

Khadijatu Dalhatu
Mai rubuta sunaye a ƙofa