Safar Mamaci a Ƙafata

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata Allah Ya yalwata makwancinki.

Inna, akwai maganar da ban faɗa wa kowa ba, har Goggo Hassi da ta riƙe ni bayanki. Safar da nake sawa cikin ƙafar robata ta mamaci ce, kuma ƙyamarta nake ji har cikin raina.

Kin tuna ranar da kika kai ni Sakkwato aka auna mini ƙafa? Mai haɗa ƙafar ya baje mana iri uku: safar auduga, da ta roba mai laushi da ke manne wa dungu, da doguwar da ake ja ta rufe gwiwa don kada ƙafar ta zame. Kika ɗauki ta auduga, kika ce, "Abin da ka wankuwa shi ya dace da ɗiya mace."

Bayan rasuwarki safunan suka saki, ƙafar ta fara yi mini girgiɗi. Sai Kawu Bello ya tafi Kebbe ta'aziyyar wani tsoho mai irin lalurata, iyalansa suka ba shi safarsa ta roba sadaka. Ya kawo ta cikin leda yana murna, gida duka ana sa masa albarka. Na durƙusa na yi godiya.

Da na shiga ɗaki na juya cikinta, sai ga farin gashin ƙafar tsohon manne a jiki. Warinta kamar fatar da aka jiƙa a majema. Na wanke da sabulu, na dirje da toka, na shanya. Da na yi gumi warin ya dawo.

Ta kuma yi mini yawa. Tana naɗewa tana gurzar dungun, har ya fashe yana ruwa. A Islamiyya Sa'a, wadda muke zama tabarma ɗaya, ta toshe hanci da hijabi ta matsa. Ban ga laifinta ba, ni ma da zan iya matsawa daga kaina da na matsa.

Kullum Kawu sai ya tambaya, "Ya safa?" In sunkuyar da kai in ce lafiya lau. Kin san nauyin bakina, Inna. Amma in gyambon nan ya ci gaba, rarrafe zan koma, makaranta kuma ta ƙare.

Jiya na cire ta, ba zan ƙara sawa ba. Ranar Litinin Goggo za ta Sakkwato, zan bi ta. Na rubuta wa mai haɗa ƙafar abin da ke damuna a takarda, don na san muryata ba za ta fita ba. Na rubuta wa Kawu tasa shi ma, da godiya a farko.

Allah Ya jiƙanki, Ya jiƙan tsohon nan, ba shi da laifi. Allah Ya ba ni ikon miƙa takardun.

Ɗiyarki mai kewarki,
Nana