Tsohuwa Mai Wankan Gawa Na So In Gaje Ta

Malama Salamatu, don Allah ki taimake ni, sati biyu ke nan na kasa zaune na kasa tsaye.

Ni 'yar garin Kahu ce, ina shekara ta biyu a kwaleji, ina karanta ilimin addinin Musulunci. Burina tun ina ƙarama in zama mai wa'azi, irin waɗanda ake ji a rediyo. A ajinmu ma kowa haka yake, maza limanci ko tafsiri, mu mata da'awa.

Da na zo hutu sai aka yi rasuwa a maƙwabtanmu. Iya Barakatu, wadda ta shekara talatin tana yi wa matan garinmu wankan gawa, hannunta ya soma rawa, ko buta ba ta iya ɗagawa. Ta sa aka kira ni, wai ai na karanta a littafi. Na karanta kam, har na ci jarrabawa a kai, amma gani ya kori ji. Ita ke faɗa ina yi har muka gama. Yanzu ta aiko wa mahaifiyata tana so in gaje ta. Na gaya wa ƙawayena na makaranta, sai dariya, wai duk karatun nan a makara zai ƙare. Tsoro nake kar a daina cin abincin hannuna, kar manema su gudu. Ga kuma kunyar tsohuwar nan. Ranar Asabar zan koma makaranta, tana jiran amsa.

Ɗalibar Kahu

'Yata, tsoronki ba na banza ba ne, mutanenmu sukan yi wa mai wannan aiki kallon da bai dace ba. Kuma ba wanda ya ce ki yar da burinki. Ki gama karatunki, ki yi wa'azinki.

Amma ƙawayenki sun ɗauka aikin Allah a bakin lasifika kawai yake. Wankan mamaci farilla ce a kan gari duka, in aka rasa mai yi kowa ya ɗau alhaki. Manemin da zai gudu saboda wannan kuwa, bar shi ya yi ta gudu.

Sai dai kada ki ɗauki nauyin ke kaɗai. Ki nemi mata biyu masu riƙon sirri ku koya tare a wurin Iya Barakatu, saboda ranar da kike makaranta. Ki je mata kafin Asabar. Ina zaton abin da ke damun Iya Barakatu shi ne, ta suturta matan gari shekara talatin, har yau ba ta ga wadda za ta suturta ta ba.

Allah ya yi miki albarka, ya sa ki gama karatu lafiya.