Zanen Edna a Ƙofar Fijo

Kafanchan,
14 ga Satumba, 1976.

Zuwa ga Afiniki matata, Maman Edna,

Ya ke ruwan farko a kan busasshiyar gona! Ya ke sanyin ruwan Matsirga da tsakar rana, inuwar ɗorawata, ƙanshin sabuwar citta ranar kasuwa! Ya ke wadda muryarta ke fita daban a cikin mawaƙan majami'a, har mutum ya manta baitin da ake ciki! Ina gaishe ki a cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da Baba da Mama da dukan mutanen Kagoma.

Kin ga na jero sunayen nan yadda na saba tun muna saurayi da budurwa, ban tsallake ko ɗaya ba. Amma ba zan ɓoye miki ba, hannuna ne ya rubuta su, ƙirjina yana gefe yana kallo. Wata biyar ke nan tun da muka binne Edna, kuma wata biyar ke nan ban ji komai ba. Ina tashi, in yi aski, in tafi makaranta in koya wa 'yan aji shida lissafi, in dawo. Martha maƙwabciyarmu tana aiko tuwon acca, ina cinyewa tas, amma da za a tambaye ni miyar mece ce, ba zan iya faɗa ba. Ko hawaye ɗaya bai fito ba. A majami'a dattawa suna riƙe hannuna suna yaba ƙarfin bangaskiyata, ni kuwa sai in ce na gode.

Saƙonki ya iso ta bakin yayanki, cewa ba za ki sake taka gidan nan ba muddin motar tana tsakar gida. Ban ga laifinki ba, farin watana. A kujerar bayanta kika rungume 'yarmu ranar da ƙyanda ta ci ƙarfinta, a kan cinyarki ta cika kafin mu kai ƙofar asibiti. Wace uwa ce za ta fito shara kowace safiya ta yi ido biyu da wannan kujera? Saboda haka na nemi mai saye. Gilbert, akawun nan na reluwe, ya zo ya kewaye Fijon tamu sau uku, ya shuri tayoyi, ya buɗe bonet ya leƙa kamar ya san abin da ke ciki. Sai ya tsaya cak a ƙofar baya ta hagu. Ya ce zai ɗauka ranar Asabar, amma sai an goge wannan karce, domin ba zai kai matarsa sujada a motar da yara suka yi wasa a jikinta ba. Bai san hannun wa ya yi shi ba, ni ma ban faɗa masa ba.

Ke kin sani. Ranar Asabar ce a watan Maris, ina duba littattafan yara a baranda, Edna ta zo ta ja ƙafar wandona, tana cewa in zo in gani. Ta tsinci ƙusa, ta zana mu a kan shuɗin fenti. Ga dogo mai tabarau, ga mai ɗankwali, ga 'yar ƙarama a tsakiya ta riƙe hannun kowa, yatsunmu duka kamar tsintsiya. Tana tsaye tana jiran in ce ta iya. Ni kuwa, malamin makaranta, mai gaya wa iyaye a taro su riƙa yaba wa yara, sai na karyo tsumagiya na zuba mata biyu a ƙafa, na ce kada in sake ganin ta kusa da motar nan. Ta kuwa ji magana. Mako uku tana kewaye motar daga nesa, hannuwanta a baya. Ba ta sake taɓa ƙofar nan ba sai ranar da kika shiga da ita a hannu.

Sau ɗaya tak kika yi mini maganar, ranar da kika ɗaure kayanki. Kika ce, "Baban Edna, fenti ya fi maka 'yarka."

Kin daɗe da sanin ciwona, tun ba ni da komai sai keke. Kin tuna ranar da na zo ɗaukar ki zuwa taron mawaƙa a Madakiya? Na kwana biyu ina goge keken nan, da na ga bai yi ƙyallin da nake so ba sai na shafe shi da man gyaɗa. Kafin mu yi rabin hanya duk jar ƙasar duniya ta manne masa, farin zanenki na mawaƙa ya zama kamar an tsoma shi a jar miya. Na tsaya ina jiran faɗa, ke kuwa kika zauna a bakin hanya kina dariya har kina riƙe ciki, kika raɗa mini suna Malam Sheƙi. Wayyo wannan dariya! Kamar ruwa yana gangarowa daga dutsen Kagoro! Ranar na san ke zan aura. Na ɗauka ciwon nan abin dariya ne, ke ma haka kika ɗauka.

Jiya Litinin bayan an tashi makaranta na tafi shagon Alhaji Ƙasimu mai kayan mota, kusa da tashar jirgi. Ya yi mini ta'aziyya karo na biyu, ya sa aka kawo kujera. Na ce masa man goge mota nake nema, akwai ɗan karce da nake so ya fita. Kin san Alhaji, ba ya sayar da ko ƙusa sai ya yi wa mutum darasi. Ya sauko da kaya iri uku ya jera a kan kanta.

Na farko a kwalba yake, ruwa-ruwa, fari kamar madara. Ya ce wannan na direbobin tasi ne masu sauri, a shafa yau mota ta yi ƙyalli, ruwan sama biyu ya wanke shi, kuma ba ruwansa da karce. Ya ture shi gefe. Na biyu gwangwani ne mai jan murfi. Ya buɗe ya ce in murza da yatsa, na ji shi da ɗan tsakuwa-tsakuwa, kamar tokar da kike wanke bayan tukunya da ita. Ya ce wannan shi ne mai ci, fenti yake ci kaɗan kaɗan har saman ya sauko daidai da gindin karcen, sai a nemi karce a rasa. Na ukun gwangwani ne mai faɗi, abin da ke ciki rawaya ne mai tauri kamar man kaɗe, shi ne mai kaki irin na zuma. Wannan ba ya cire komai. Rufewa yake yi, ya hana rana da ruwa taɓa abin da ke ƙarƙashinsa. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Malam, ka wanke ta da kyau tukuna. Duk abin da ka rufe da kaki, to kun zauna tare ke nan."

Ya ƙara da cewa kada in yi aikin a rana, in nemi inuwa. Kada in sa sabulun wanki, kada in sa buhu ko tawul, tsohuwar singileti ta fi. In riƙa juya hannu a hankali, domin fenti mai duhu ba ya rufa wa mutum asiri. Sannan ya tambaye ni zurfin karcen. Ya ce in ja farcena a kai. In farce ya maƙale, to ya kai ƙarfe, sai mai fenti. In kuwa ya wuce sumul, mai ci zai share shi kafin in gama shan kofin shayi.

Na sayi gwangwani biyu, mai ci da mai kaki, na dawo gida. Na kai motar gindin mangwaro, na wanke jar lakar damina da ruwan rijiya, na bari ta bushe. Na durƙusa na ja farcena a kan zanen. Ya wuce sumul, Afiniki. Bai maƙale ko'ina ba. Ina yarinya 'yar shekara huɗu za ta sami ƙarfin huda fenti? Abin da na dake ta a kansa, aikin minti goma ne da tsumma. Na tsaya na jira ko wannan labari zai yi mini wani abu a ƙirji. Shiru. Kazar Martha ta zo ta sha ruwan da ya taru a gindin taya, ta tafi.

Na buɗe mai jan murfi, na lakato da singileti, na fara daga hagu inda mai tabarau yake. Hannuna yana juyawa, ni kuwa ina tunanin ko hadarin da ke gabas zai bar ni in gama. Tabarau ya tafi. Kai ya tafi. Dogayen ƙafafun nan da ta ja har kusan gindin ƙofa suka dushe, suka ɓace. Alhaji bai yi ƙarya ba, kayansa na da kyau. Na bi kafaɗa, na bi hannu, har na iso inda yatsuna suka haɗu da na Edna. A nan tsumma ya tsaya. Ba zan ce miki zuciyata ta karye ba, domin na yi alkawarin faɗa miki gaskiya. Hannun ne kawai ya ƙi gaba, na ba shi umarni ya ƙi ji.

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. Daga baya na rufe mai ci, na ɗauko mai kaki. Na shafa muku shi ke da ita, siriri, yadda aka koya mini. Na jira ya bushe ya yi fari kamar gari, na goge da sabon tsumma. Ina gamawa ruwa ya sauko. Na tsaya a cikinsa ina kallon ɗigo yana dunƙulewa yana gangarewa ta kan ɗankwalinki, ta kan fuskarta, bai jiƙa ku ba ko kaɗan.

Yau da rana na aika wa Gilbert cewa ya dakata. Kada ki ɗauka na raina maganarki, tauraruwata, kada ki ce Malam Sheƙi ya sake zaɓen motarsa. Wallahi da za ta nutse a kogi gobe ba zan waiwaya ba. Amma hotonta ɗaya muke da shi, na ranar baftisma, tana jaririya tana barci. Wannan kuwa hannunta ne, abin da ta gani ne da idonta ta ajiye mana. Kin taɓa tsayawa kin dube shi da kyau? Ranar da aka yi shi ɗauke ta kika yi kuka shige ɗaki. Kin san ta yi miki murmushi daga kunne zuwa kunne? Kin san har ƙullin ɗankwalinki ta sa a gefen da kike sa shi? Na riga na goge abin da yake nawa ne in goge. Sauran ba nawa ni kaɗai ba ne. Na yi tunanin in sa makanike ya cire ƙofar in jingine ta a ɗaki, sai na ga ko wannan ba ni da ikon yanke shi ba tare da ke ba.

Ga roƙona, kurciyata, ruwan sanyina, uwar 'yata. Ranar Lahadi bayan sujada zan zo Kagoma. Ba zan kawo motar ƙofar gidan Baba ba. Zan tsaya a gindin ɗorawar nan ta bakin gari, in juya gefen hagu wajen hanya, in lulluɓe kujerar baya da zane don kada idonki ya faɗa kanta. Ki zo ki gani sau ɗaya. Gwangwani mai jan murfi yana akwatin gaba tare da tsumma. In kin duba kin ce a goge, za mu goge, ki riƙe tsumman in riƙe hannunki, Gilbert ya zo ya ɗauki abarsa. In kin ce a bari, ki faɗa mini yadda za mu zauna da shi, zan bi. In kuwa ba ki fito ba, zan jira har la'asar in koma, in sake dawowa Lahadi ta gaba, da wadda ke bin ta. Me ya rage mini da zan yi da ranakun Lahadi? Gidan nan ba ke, ba ita, wa zan dawo in samu?

Akwai abu ɗaya da Alhaji bai faɗa mini ba. Wurin da aka goge da mai ci ya fi ko'ina a jikin mota ƙyalli, kamar madubi yake komawa. Yau da safe na fito zan tafi makaranta, na durƙusa in ga ko kakin ya kama. Ga ki nan, ga Edna ta riƙe ki da hannu ɗaya, ɗayan hannun ta miƙa shi inda babu kowa. Da na matsa kusa sai ga fuskata a wurin, da tabarau da komai, daidai ƙarshen yatsunta. Wani abu ya motsa mini a ƙirji, irin na ƙafar da aka daɗe zaune a kanta in jini ya fara komawa. Da zafi, Afiniki. Na ce mata ta iya zane. Na faɗa da ƙarfi, har Martha ta leƙo ta kan katanga. Yau ne karo na farko a shekara goma sha ɗaya da aka buga ƙararrawa ban isa makaranta ba.

Ki zo ki tsaya kusa da ni a gaban ƙofar nan, ko da ba za ki ce mini komai ba.

Ni ne naki, ko kin dawo ko ba ki dawo ba, ba wata a bayanki har ranar da za a kwantar da ni kusa da ita,

Silvanus,
Baban Edna.