Hantar Layya da Rabi Ta Ƙi Ci

Assalamu alaikum, Yaya Hajo.

Ina gaishe ki da fatan kuna lafiya. Ya ciwon ƙafar? Ya Alhaji da yara, ya zaman Legas? Mu nan Mabera mun gode Allah.

Yaya, maganar ɗiyarki Rabi ce ta hana ni sukuni. Tun dawowarta daga jami'a ta daina cin nama da ƙwai da shan nono, wai ba ta cin abin da ya fito daga jikin dabba. Da ruwa nake dama mata fura, miya kuma tukunya biyu nake ɗorawa. Duk ta rame.

Ranar Layya Malam ya gasa hantar ragonsa, ya miƙa mata da hannunsa kamar kowace shekara. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri." Ya ce, "Abin da Allah ya halatta kike ƙyama?" Ya ajiye, ya fita. Kwana tara ke nan tana durƙusawa ta gaishe shi, ba ya amsawa.

Ƙanenki ne, ke kaɗai yake jin maganarki. Don Allah ki kira shi. Jiya na tarar tana zuba kayanta a jaka.

Ki sa mu a addu'a. A gaida mutanen gida duka.

Taki,
Saratu